Mudun Maƙwabci: Tanadi da Handama a Lokacin Annoba

Akwai tambayoyin da mutum ba ya yi wa kansa sai ranar da wahala ta tsayar da shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce wannan: sa'ad da annoba ta shigo gari, aka tare hanyoyi, aka ce kowa ya zauna a gidansa, abinci nawa ya halatta mutum ya saya ya ajiye, a kan nawa kuma ya halatta ya sayar? Wani zai ce ai wannan magana ce ta 'yan kasuwa da matan gida. Amma duk wanda ya riƙe kwandon cefane a watan Afrilu na shekarar 2020 ya san magana ce ta lamiri, gama a wannan watan da yawa daga cikinmu mun tsaya gaban mai awo muna lissafin kuɗin da ke hannunmu, muna kuma kau da ido daga wanda ke tsaye a bayanmu.

Bari mu tuna yadda abin ya zo. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Kafin watan Maris ya ƙare, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita dare da rana, Gwamnatin Tarayya kuma ta rufe Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris. Kano ta bi baya a tsakiyar Afrilu. Mu Kirista muka yi bikin Ista ranar 12 ga Afrilu, yawancinmu a cikin ɗakunanmu, majami'u a rufe. 'Yan'uwanmu Musulmi suka shiga azumin Ramadan a ƙarshen watan, su ma a wurare da yawa ba halin taruwa a masallaci. Makaranta ta rufu, ofis ya rufu, tashar mota ta rufu, amma ciki ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Saboda haka hukuma ta riƙa ɗaga dokar a wasu ranaku domin jama'a su sayi abinci. A Kano, a farkon watan Mayu, an ba da Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. A Kaduna an ba da kwana biyu a mako, aka kuma kafa kasuwanni na ɗan lokaci a filayen makarantu cikin unguwanni.

Duk wanda ya fita a irin waɗannan ranaku ba zai manta da abin da ya gani ba. Cefanen da aka saba yi cikin kwana bakwai ya taru cikin 'yan sa'o'i. Mutanen da aka gargaɗa su nisanci juna suka matsu kafaɗa da kafaɗa a gaban mai tumatir, wani da takunkumi a hanci, wani a haɓa, wani babu. Ga ma'aikaci ya zo da mota da ɗan dako, yana ɗaukar buhun shinkafa da na wake da jarkar manja. Ga kuma mace da goyo, kuɗinta a ƙulle a bakin zane, ta zo awon masara mudu ɗaya, ta tarar farashin da ta sani a makon jiya ya tashi. Ta tsaya tana juya kuɗin a tafin hannu, daga bisani ta ce a auna mata rabi. Tsakanin wannan buhu da wannan rabin mudu tambayarmu take.

Mai saye

Mu fara da faɗin gaskiya game da mai buhu. Tanadi ba zunubi ba ne. Magidancin da yake da mata da 'ya'ya da tsofaffi a wuyansa, ya ji za a rufe gari, bai kuma san ranar buɗewa ba, idan ya sayi abin da zai riƙe gidan har ƙura ta lafa, ya yi aikinsa na uba. Har ma ya taimaki jama'a ta wata fuska, domin wanda yake da abincin mako biyu ba zai dawo ya ƙara cunkoso a kasuwa ba. Kakanninmu da suka gina rumbu ba marowata ba ne. Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu labarin Yusufu, wanda ya tara hatsi a Masar cikin shekaru bakwai na ƙoshi domin shekaru bakwai na yunwa, ba a kuwa zarge shi ba.

Sai dai mu lura da abu biyu game da Yusufu. Ya tara a lokacin yalwa, sa'ad da tarawarsa ba ta rage wa kowa tuwon dare ba. Sa'ad da yunwa ta zo kuma, buɗe rumbuna ya yi. Akwai wani labarin a gefen wannan, na mannar da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da ita a jeji: an umarci kowa ya ɗebi na yini, waɗanda suka ƙi ji suka ajiye na gobe kuwa suka wayi gari ta yi tsutsa. Labaran nan biyu ba sa gāba da juna. Na farko yana koya mana hangen nesa, na biyu yana nuna mana abin da tsoro yake yi wa hangen nesa idan ya hau kansa.

Domin mu gane inda iyakar take, sai mu duba yadda kasuwa take tafiya. Kasuwar gari ba ta ajiye abincin wata uku. Abin da ke cikinta na 'yan kwanaki ne, motoci kuwa suna cike gurbin daga ƙauyuka da manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau. A lokacin kulle motocin nan sun ragu, waɗanda suka taso kuma sun sha tsayawa a shingaye, ko da yake doka ta yarda a wuce da abinci. Lokacin ma ya zo a bazara, sa'ad da hatsin bara ya fara ja baya, sabo kuma da sauran watanni. A lokacin, iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun watan Agusta na 2019. Cikin irin wannan hali, idan masu albashi ɗari suka sayi na wata uku a rana ɗaya, kayan da ya kamata ya kai mako zai ƙare kafin azahar, abin da ya rage kuma ya yi tsada. Wa zai biya tsadar? Wanda ya zo a makare, domin sai da ya yi dako da safe kafin ya sami na awo. Mai hannu baka hannu ƙwarya ba ya iya sayen na gobe, saboda haka kowane ƙarin farashi a kansa yake sauka, kowace rana.

Ashe ke nan, a lokacin annoba, abin da muke saya daga tulin kowa da kowa muke ɗiba. Kuɗin namu ne, babu shakka, mun kuwa same shi da guminmu. Amma kuɗi ikon ɗiba kawai yake ba mu, ba ya faɗa mana ko nawa ya kamata mu ɗiba. Wannan aikin lamiri ne.

Ba wanda zai iya yanka mana adadi ya ce mudu kaza halal ne, ƙari a kai haram. Gidan mutum uku da na mutum goma sha biyar ba ɗaya ba ne, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Amma akwai tambayoyin da kowa zai iya yi wa zuciyarsa a gaban mai awo. Abin nan da nake ɗauka, za mu cinye shi kafin a sake buɗe kasuwa, ko kuwa zai zauna har ƙwari su shige shi? Da ni ne a ƙarshen layi, zan so na gaba ya ɗauki kamar yadda nake ɗauka? Idan na kai shi gida, zan iya sauke shi da rana tsaka maƙwabta suna gani, ko sai na jira dare? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi. Da yawa sun shigar da buhuna cikin duhu, ba domin tsoron ɓarawo kaɗai ba, har da tsoron maƙwabcin da zai aiko yaro da kwano. Ranar da mutum ya fara ɓoye abincinsa daga idon mai jin yunwa, tanadinsa ya fara zama handama.

Mai sayarwa

Tambayar mai sayarwa tsohuwa ce ƙwarai. Tun kafin haihuwar Ubangijinmu, wani masani ɗan Roma mai suna Sisero ya kawo misalin wani falke da ya taso da jirgin ruwa cike da hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos, inda ake fama da yunwa. A hanya ya wuce waɗansu jiragen hatsi da ke tafe a bayansa. Idan ya yi shiru zai sayar da tsada, idan ya faɗa wa mutanen gari cewa kaya na zuwa farashi zai faɗi. Shin wajibi ne ya faɗa? Sisero ya ga ya kamata ya faɗa. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekarar 1274, ya duba irin wannan misali, ya ce falken da ya sayar a farashin da ya tarar bai karya adalci ba, gama jiragen ba su iso ba tukuna, amma da ya faɗa ko ya rage farashi, da ya nuna nagarta mafi girma.

Amsar Waliyi Toma tana da amfani a gare mu domin ta raba matakai. Akwai abin da adalci yake bukata daga kowa, akwai kuma abin da ƙauna take roƙo daga mai bi. 'Yar kasuwar da ta ƙara kuɗin tumatir domin kuɗin mota ya ninka, direba kuma ya sha tsayawa a hanya har rabin kwandon ya ruɓe, ba ta zalunci kowa ba. Ita ma tana da bakuna a gida, mako guda kuma kwana biyu kawai aka ba ta ta nemi na kwana bakwai. Bai kamata mu zage ta ba.

Amma falken misalin nan kawo hatsi ya yi inda babu. Dabam yake da wanda hatsin yana hannunsa a cikin gari, ya kulle sito, ya ce kaya sun ƙare, yana jira farashi ya ƙara hawa. Wannan shi ya ƙirƙiri ƙarancin da yake cin ribarsa, ribarsa kuwa daga yunwar yara take fitowa. Haka wanda ya bubbuge gindin mudu domin ya tauye awo, da wanda ya yi algus, ya gauraya tsohon wake da sabo, yana sane ba mai lokacin dubawa a cikin turereniya. Babu wani malamin Ekklesiya da ya taɓa wanke waɗannan. A yunwar da ta auka wa Kaisariya ta Kafadokiya wajen shekarar 369, Waliyi Basil, yana firist a lokacin, ya tsaya ya tsauta wa masu rumbuna da suka kulle hatsi suna jiran tsada, har suka buɗe. Ya sayar da gādonsa ya sayi abinci, ya ɗaura ɗamara yana raba wa mayunwata da hannunsa, bai kuma tambayi addinin kowa ba. Shari'ar Musulunci ita ma ta hana ɓoye abinci domin a tsawwala farashi. A kan wannan batu, liman da fada bakinsu ɗaya.

Kada kuma mu manta da masu sayarwar da suka wuce abin da adalci ya nema. A unguwanni da yawa mai ɗan shago ne ya riƙe gidaje da littafin bashinsa, yana ba da garin kwaki da sabulu da man gyaɗa ga mutanen da bai san ranar da za su koma aiki ba. Akwai mai awon da ba ta daina gyara ba ko da kaya suka yi tsada. Ba a rubuta sunayensu a jarida ba. Idan akwai wanda har yau sunansa yake cikin irin wannan littafi, ya je ya biya, ya kuma yi godiya.

Waɗanda suka fita domin mu zauna

An ce mana zaman gida shi ne rigakafi, gaskiya ne kuwa, dokar ta ceci rayuka. Amma wanda ya zauna a gida ya ci abinci, wani ne ya fita dominsa: manomin da ya kawo kaya bakin hanya, direban da ya kwana a shinge, ɗan dako, mai niƙa, ɗan garuwa, yarinyar gidan da aka aika kasuwa domin uwargida tana tsoron cuta. Haɗarin da muka guje wa, a kansu ya sauka. Ba cuta kaɗai suka fuskanta ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto cewa cikin makonni biyu na farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da ya fi na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin.

Mene ne haƙƙinsu a kanmu? Mafi ƙanƙanta shi ne kada mu matse su. Abin kunya ne yadda mutum zai shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta a jikin kaya bai ce uffan ba, ya fito ya tsaya yana tayi da tsohuwa mai kuɓewa har sai ta sallama a kan faɗuwa, domin ya san la'asar ta yi, za a rufe kasuwa, kuɓewa kuma ba ta jiran Alhamis. Ciniki al'adarmu ce, ba laifi a cikinsa tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa albarka ya tafi. Idan ɗaya ba shi da ikon cewa albarka, abin ya tashi daga ciniki ya koma ƙwace da murmushi.

Haƙƙi na biyu shi ne kada mu kai musu cuta. Wanda yake tari da zazzaɓi ya shiga cunkoso yana sane, ya sa ran wasu cikin haɗari. Amma kafin mu hukunta shi, mu tambaya: wa zai yi masa cefane? Mutane da yawa sun ɓoye ciwonsu domin sun ga yadda ake gudun gidan da aka ce cuta ta shiga, har mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofar. Idan muna so marar lafiya ya zauna a ɗaki, sai mu ɗauki kwandonsa tare da namu, mu ajiye masa a bakin ƙofa.

Sitocin Oktoba

A watan Oktoba na 2020, a lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar neman a rushe rundunar SARS, jama'a suka fasa sitocin kayan tallafin korona a jihohi da dama. A Bukuru kusa da Jos an ga mutane har a kan rufin kwano suna fito da buhuna. Hukumomi suka ce kayan suna jiran rabo ne, wasu kuma an ajiye su domin ko cutar za ta dawo. Jama'a suka ce sun kwana da yunwa a watan Afrilu da Mayu, ga abinci da sunansu a kulle. Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a shekarar 1965 cewa Allah ya nufi ƙasa da abin da ke cikinta domin dukan mutane, wanda kuma ya kai matuƙar bukata yana da haƙƙin samun abin da zai rayu daga dukiyar wasu. Wannan koyarwa ba ta wanke wanda ya kwashi kaya da mota ya kai kasuwa ba, ko wanda ya tattake raunana a ƙofar sito. Amma ta ɗora babbar tambaya a kan duk mai riƙe da mabuɗi, gama abincin da aka ba da domin mayunwaci, jinkirta shi ma zalunci ne.

Da sauƙi mu nuna wa masu mulki yatsa. Sai dai kowannenmu yana da ɗan sitonsa, ko da lungun ɗaki ne, yana kuma riƙe da mabuɗinsa. Idan aka buɗe namu a watan Oktoban nan, da me za a tarar? Shinkafar Afrilu da ta yi ƙwari, alhali gwauruwar da muke zama benci ɗaya da ita ran Lahadi ta yi kwanaki tana ba 'ya'yanta kunu sau ɗaya a yini?

Kafin wata ta zo

A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Mun gode wa Allah. Amma mu a Arewa mun san annoba ba baƙuwa ba ce. Sanƙarau na shekarar 1996 ya kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, amai da gudawa kuma yakan dawo da damina. Wata rana za a sake tare hanya, za mu sake tsayawa a layin awo.

Halin da mutum zai nuna a ranar tsoro, a ranakun kwanciyar hankali yake koyonsa. Saboda haka shirin ya kamata ya fara yanzu. Mai hali ya yi tanadinsa da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, sayensa kuma yana taimakon manomi, ya kuma ware wani kaso tun daga ranar da ya saya ya ce wannan na maƙwabci ne. Zumuntar Mata da ƙungiyar Waliyi Binsent da matasan kowace majami'a su san gidajen tsofaffi da gwauraye da marasa lafiya na unguwarsu, Kirista da Musulmi, tun ba a shiga wahala ba, domin ranar kulle ba ranar neman adireshi ba ce. 'Yan kasuwar da ke cikinmu su duba mudunsu. Iyaye kuma su bar yara su ga ana zuba wa mai kwano, gama abin da yaro ya gani a tsakar gida shi zai yi a kasuwa.

Kowace rana muna roƙon Uba ya ba mu abincin yini, da bakin jam'i muke roƙon kuwa, mu da waɗanda ke bayanmu a layi. Wanda ya yi wannan addu'a da safe ya riga ya sa maƙwabcinsa cikin lissafin cefanen ranar. Allah ya kiyaye mu daga annoba, idan kuma ta zo, ya same mu da mudu cikakke da ƙofa a buɗe. Amin.